Hantar Baƙin Bunsuru

Jatau Bamaguje ne na gindin dutsen Kwatarkwashi, kuma a hannunsa wuƙar gidansu take. Tun yana saurayi shi ke yi wa dangi yanka a bakin dutse, in an yi haihuwa, in damina ta yi gardama, in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya san bunsurun da dutse ke karɓa, ya san wanda zai mayar wa mutum a fuska. Da aka zo ɗiban mutane aikin layin dogo, mai gari ya nuna shi, ya bi layi yana ɗaukar ƙasa a ka tun daga wajen Tsafe har Gusau. Aiki ya ƙare, kowa ya kama hanyar gida, shi kuwa ya zauna yana faskare a tasha. Matarsa Lami ta biyo shi da tukunyarta da tabarmarta. Ba su da ɗa, ba su da jika, waɗanda Allah ya ba su duk ƙasa ta karɓe tun suna goye. Su biyu ne rak, kuma duk wanda ya san Jatau ya san in Lami ta yi tari shi ke jin zafin ƙirji.

A bayan tasha akwai wata majami'a ta zana, inda akawuna da makanikai 'yan kudu ke taruwa ran Lahadi su yi ta waƙa. Mai yi musu wa'azi Malam Iliya ne, Bahaushen Zazzau da ya tashi a hannun mishan, mutum mai tsabta da taka-tsantsan, wanda ya daɗe yana shuka a Gusau ba abin da ya tsiro masa. Wata Lahadi Jatau na wucewa da itace a ka, sai ya ji ta cikin zana ana cewa mutum ya kawo dabba marar aibi, ya ɗora hannu a kanta, a yanka, a shafa jini a kusurwa huɗu, a ƙone kitse da ƙoda. Ya tsaya cak. Ya sauke itacen ya zauna a kai. Da aka tashi ya tare Malam a bakin ƙofa.

"Malam, mutanen ga da kaka hwaɗi, su wa na?"

"Bani Isra'ila. Jama'ar Annabi Musa."

"In sunka yanka, wa ka ɗaukar hwata?"

Tun da Malam Iliya yake wa'azi ba wanda ya taɓa tambayarsa fata. Ya ce ta mai yankan ce, wanda ake kira firist.

"Cinyar dama hwa?"

"Ita ma tasa ce."

Jatau ya tafa hannu. "Aradu, danginmu na!"

To ka ji abin da ya shigar da Jatau addinin. Wani tsoron wuta ke kai shi, wani kwaɗayin aikin tasha, shi kuwa labarin yanka ne ya ja shi ta hanci. Malam da ya samu kunne sai ya kwance masa bakin buhu: ragon safe da ragon yamma, 'yan tattabarun da aka yarje wa matalauci, babban firist da ke shiga can ƙurya sau ɗaya a shekara riƙe da kwanon jini. Kada dai a zalunci Malam Iliya, bai taɓa rufe hira ba sai ya ce duk wannan inuwa ce, mai inuwar kuwa ya riga ya iso. Yesu Almasihu shi ne ragon ƙarshe, jininsa ya zuba sau ɗaya ya wadatar. Abin da ya rage wa mai bi shi ne tuba da godiya da waƙa, sai ɗan gutsuren gurasa da ƙoƙon da Fasto ke rabawa in ya zo daga Zariya, wanda shi ne rabon kowa daga wannan hadaya. A nan Jatau yakan gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa mai tallar abin da ba za a saya ba, sa'an nan ya ce a koma kan tattabarun. Aka yi musu baftisma a gulbi shi da Lami. Ya naɗe wuƙarsa a tsumma ya soke a jinkar ɗaki. Malam Iliya kuwa ya riƙa nuna shi ga baƙi kamar sabuwar riga.

Sai bazara ta shigo da sanƙarau. Ya fara da unguwar leburori, ya ɗebi waɗanda ya ɗiba, sannan ya faɗo ɗakin Jatau. Lami ta kwanta da ciwon kai, kafin a ce kwabo wuyanta ya sandare ya karkata baya, ko haske ba ta son gani. Malam Iliya ya zo ya durƙusa ya yi addu'a mai tsawo. Washegari ya dawo ya yi wadda ta fi ta tsawo. Lami ta daina gane mutane.

Labari ba ya kwana a hanya. Nomau, wan Jatau, ya sauko daga Kwatarkwashi janye da baƙin bunsuru, ya ɗaure shi a bakin ɗaki, ko zama bai yi ba.

"Tun da ka aje wuƙa dutse bai sha ba," in ji shi. "Ka aza ya mance? Ga abin nai nan na kawo. Ni ba ni yanka, ba hannuna wuƙa take ba. Ka taho da shi da ƙahwarka, in kana son matarka."

Ya juya ya tafi. Jatau ya zarce gidan Malam Iliya, ya same shi yana wanke hannu.

"Malam, a yi mata yanka."

"A yi wa wa?"

"Allah mana. Awa yadda Bani Isra'ila sunka yi."

Malam ya yi ajiyar zuciya. "Jatau, sau nawa zan faɗa maka? An gama. An riga an biya. Wanda ya ƙara jini a kan wancan jini cewa yake yi na farkon bai isa ba. Ka mayar wa ɗan'uwanka dabbarsa, ka zo mu ƙara addu'a."

Jatau ya koma ya zauna tsakanin matarsa da bunsuru, gaba kura baya sayaki. Dutse dai ya bar shi, ya yi alkawari a cikin ruwa a gaban jama'a, shi kuwa ba mai lashe amansa ba ne. Amma addu'ar fatar baki kawai? Ko wurin mai gari ba a zuwa hannu rabbana, balle wurin mai sama. Allahn da ya shekara aru-aru yana karɓar kitse da ƙoda, yana faɗin har cinyar da za a ware, yaushe ya daina so? Malam mutumin kirki ne, amma a wannan fanni yaro ne, karatu kawai ya sani, ko kaza bai taɓa gani ya yanka ba. To ba za a ba dutse ba. Allah za a ba, a ɗakinsa, bisa ƙa'idarsa. Da ya kai nan sai ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, bawan Allah, har da ɗan murmushi.

Da safe, bayan akawuna sun shiga ofis, ya zaro wuƙar daga jinka ya wasa. Ya ɗiga wa Lami ruwa a baki, ba ta ko motsa ba. Ya ja bunsuru zuwa majami'a. Ya duba ido, ya duba kunne da kofato da haƙori, ba aibi ko ɗaya. A ciki akwai tebur lulluɓe da farin ƙyallen da matan akawuna suka yi wa ado da zare. Ya ɗora hannu biyu a kan bunsurun, ya kira sunan Lami, ya kira sunan Yesu, ya ja wuƙa ja ɗaya. Ya tari jinin a ƙoƙo, ya tsoma yatsa ya shafa a kusurwa huɗu na teburin, sauran ya tsiyaye a gindinsa. Ya feɗe, ya jera duwatsu a bakin ƙofa, ya hura wuta ya ɗora kitse da ƙoda. Hayaƙi ya miƙe sama sak bai karkata ba. Hawaye suka zubo masa don daɗi.

Saura abu ɗaya. Wannan kuwa ba na Bani Isra'ila ba ne, na gidansu ne, sai dai Jatau bai taɓa zaton akwai yanka a duniya da ba shi da shi ba. Yankan mai ciwo ba ya cika sai an gasa hanta, wani wanda ba ɗan ɗakin ba ya ci, yana sane da wanda aka yanka wa da wanda aka yanka dominsa, ya ce, "An karɓa." Daga nan ne za a dafa romo a kai wa mai ciwo. In ba bakin da ya ci, jini ya zuba a banza, ciwo kuma ya ƙara fushi. Ya gasa hantar, ya yayyanka ta a kan ganye, ya zauna jiran Malam.

Ƙaurin kitse ne ya kawo Malam Iliya a guje. Ya leƙa ciki ya ga ƙyallen da jini. Ka san zuciya, kafin ya tuna Allah akawuna ya fara tunawa, waɗanda suka daɗe suna ce masa arne ko da sabulu aka wanke shi arne ne.

"Me ka yi? Jatau, me ka yi a ɗakin Ubangiji?"

"Yadda ka hwaɗi, Malam, ban rage komi ba. Duba kusurwa huɗu. Ga hwata can taka ta, da cinyar dama." Ya miƙa masa ganyen da hannu biyu. "Ɗauki guda ka ce an karɓa."

Malam ya kaɗe hannun, hanta ta watse a ƙasa. Jatau ya durƙusa ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana tsincewa, yana hure mata yashi.

"Tsafi ka kawo mini nan! Ka kunyata ni, ka tattake jinin da aka fanshe ka da shi. Kwashe mushenka ka fita. Kuma duk mai bin da ya taɓa naman nan, ba shi ba teburin Ubangiji."

"Tsoka guda, Malam. Ba don ni ba."

"Na ce maka an gama yanka!"

"To ita ba ta gama ciwo ba."

Malam Iliya ya juya masa baya, ya shiga yaye ƙyallen daga tebur.

Jatau ya zuba naman a masaki, ya rufe da fatar, ya ɗora ganyen hanta a sama ya ɗauka. Baki ɗaya tak yake nema, a gari mai bakuna dubu. Ya fara da layin gidajen akawuna, amma maganar Malam ta riga shi isa. Ƙofa bayan ƙofa sai dai ya ji an ja sakata. Wata da ta saba sayen itacensa tana ce masa Baba, ita ce ta watso masa ruwan wanke-wanke a ƙafa.

Ya nufi kasuwa wurin Mas'udu mahauci, abokin hirarsa, wanda sukan zauna su yi ta musun wuƙar wa ta fi ci. Mas'udu ya ɗaga fatar ya ga aiki, ya yaba. Sannan ya tambayi abin da dole ya tambaya, da sunan wa aka yanka, a ina kuma. Jatau ya faɗa masa tsaf.

"Kash," in ji Mas'udu. "Da Banasare na sosai yay yanka, akwai malamman da ka cewa a ci. Da Musulmi na, ba magana. Kai ko, Jatau, ba ka nan ba ka can. Ka kai ma kutaren bakin kasuwa, ka rufe bakinka, su da ba su ga nama ba tun Sallah."

"Sai mai ci ya sani."

"To Allah shi ba ta lahiya."

Jatau ya je wurin kutaren. Da suka ji ƙamshin gashi hannuwa suka miƙo, da suka ji bayani hannuwa suka koma. Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Yatsu munka rasa, ba addini ba." Masu rumfa suka yi shewa, wani ya ce a kira masa kura ko ita za ta ce an karɓa. Jatau ya ɗauki masakinsa ya ratsa ta tsakiyarsu, kunyar duniya ta rufe shi, amma ba kunyar ce ke cinsa ba.

Hanyar fita gari ta bi ta bakin lungunsu. Ya hango jinkar ɗakinsa, ya tsaya. Ya so ya leƙa ko sau ɗaya. Amma ya shiga mata da me? Naman da ba a karɓa ba in ya ƙetare ƙofar mai ciwo, ciwon ya kira ke nan ya ce zauna da kyau. Ya kawar da kai ya miƙi hanyar Kwatarkwashi. Jini ai ba ya ƙin jini, in ji shi a ransa, ko sun zage shi wani zai ci.

Ranar bazara ta Zamfara ba ta da uwa ba ta da uba. Kafin ya wuce Damba ƙudaje sun gano shi, suka raka shi kamar an aiko su. A hanya ya gamu da wani Bafillace mai kora shanu zuwa Bungudu. Bafillacen ya saurare shi har ƙarshe, ya ba shi ruwa daga gorarsa, ya yi wa Lami addu'a mai kyau, hanta dai bai taɓa ba. Wannan ya fi zagin kasuwa yi wa Jatau ciwo.

Da la'asar sakaliya ya isa gindin dutse. Dangi na zaune a inuwa ana zagaya ƙwaryar giya. Nomau ya tashi ya ɗaga fatar da yatsa biyu, ya gane bunsurunsa.

"Ina jinin?"

"Na ba Allah."

"Wane Allah? Bunsurun da ni kiwata ma dutse da hannuna, shi ka kai ma baƙo ɗakin zana? Da bashi guda ad da mu, yanzu ka ƙara muna sata."

Jatau ya je gaban Inna Uwani, ƙanwar uwarsa, wadda ta goye shi bayan uwar ta mutu, ya zube gwiwa biyu ya buɗe ganyen.

"Inna, ke kin san Lami. Ita ta yi jinyarki shekarar da ƙahwa ta hana ki tashi. Ba ni son ki yarda da abin da ni yi. Ki tauna guda ki ce an karɓa, in tahi, ba ku ƙara gani na."

Tsohuwa ta daɗe tana dubansa. Ta miƙa hannu ta ɗauki yanki ɗaya. Ta kai shi kusa da baki, sannan ta ɗaga ido ta dubi dutse, ta dubi jikokinta da ke wasa a bakin rumbu.

"Ina da ɗiya a gidan ga," in ji ta, ta buɗe yatsu.

Wani jan kare ya cafe tun kafin hantar ta kai ƙasa. Ɗaya daga cikin mashayan ya ɗaga ƙwarya ya yi ihu, "An karɓa!" Wuri ya ɓarke da dariya, har da masu riƙe ciki. Nomau kaɗai bai yi ba. Ya sunkuya ya zare wuƙar daga ƙugun ƙanensa, ya ce ta gida ce, kuma shi ba ɗan gida ba ne.

Ƙafa ta ƙi kai Jatau Gusau a ranar, ya kwana a hanya. Da hantsi ya shigo gari, masakin na kansa, wari na riga shi shiga lungu. Har yanzu yana da sauran buri. Wataƙila Malam ya huce. Wataƙila in ya ga halin da Lami ke ciki ya rufe ido ya haɗiye.

Ƙofar ɗakin a buɗe take, tabarma babu. Malam Iliya na zaune a kan turmi a waje, idanunsa jajur, rigarsa mai tsabta duk ƙasa.

"Ina Lami?"

"Mun kai ta da asuba. Gawar sanƙarau ba a jira da ita, ka sani."

Jatau bai motsa ba. Malam ya sunkuyar da kai. Da ya yi shiru da ya fi, amma mai wa'azi ba ya iya riƙe magana, ko wadda za ta ci shi.

"Jiya da hantsi ta farfaɗo. Ta gane ni, ta kira sunana. Zazzaɓin ya sauka, Jatau, da hannuna na taɓa goshinta. Ta tambaye ka. Ni kuwa na gaya mata abin da ka aikata, duka, don ta taya ni roƙa maka gafara. Sai ta yi dariya. Ta ce, 'Ashe ya yi mini yanka.' Matata ta dama kunu, ta ƙi sha. Na ba ta ruwa, ta datse haƙora. Ta ce a gidanku wanda aka yi wa yanka ba ya sa komai a baki sai romo ya iso, kuma kai ba ka taɓa makara da romo ba. Na ce mata duk wannan ya wuce, an riga an biya mata. Ta ce ta ji, ta gaskata, amma a bari dai Jatau ya zo."

Ya share fuska da tafin hannu.

"Ka san irin ranar da aka yi jiya. Duk wanda ya gifta ta ƙofa sai ta ɗaga ido. Da la'asar harshenta ya kumbura. Da magariba ta daina tambaya."

Jatau ya san ƙa'idar sarai, shi ya koya mata tun tana amarya. Ya tafi ne da tabbacin ba ta cikin hayyacinta, ba za ta san an yi yanka ba sai ta ji romo a baki. Kowannensu yana da "da" ɗinsa a kan harshe, da ka ji maganata, da ba ka faɗa mata ba. Malam ne ya furta nasa, a hankali, yana kallon ƙasa. Jatau ya haɗiye nasa.

"Zo in nuna maka wurin," in ji Malam Iliya, ya miƙe. "Mun yi mata waƙa, mun rufe ta a matsayin mai bi. Amma ba da wannan za ka shiga ba. Ajiye shi."

Jatau ya kai hannu zai sauke masakin. Ya dubi bakin ƙofa, ya dubi gindin zana, ya dubi juji. Duk shekarun da ya yi yana yanka ba a taɓa ƙin karɓa masa ba, saboda haka ba wanda ya taɓa koya masa inda ake ajiye irin wannan. Malam ya jira, ya ƙara jira, a ƙarshe ya toshe hanci da bakin riga ya wuce shi kaɗai. Jatau na nan tsaye a rana, ruwan naman na bin wuyansa yana shiga riga.